Layin tiyata a Ingila: jira, inshora, biya daga aljihu, ko komawa gida?

Kwanakin baya wani dattijo da muke sallar Juma'a tare ya tare ni a ƙofar masallaci yana dogara sanda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, kai da ka daɗe a ƙasar nan, wace inshora zan saya a yi min aikin gwiwar nan? Wallahi na gaji." Ya fi shekara sunansa na cikin jerin masu jiran tiyata. Sujada ta gagare shi, a kan kujera yake salla, aikin gadin da yake ci da iyali da shi kuma tsayuwa ne tun safe har yamma. Amsar da na ba shi ba ta yi masa daɗi ba, ni ma ban ji daɗin faɗarta ba. Na ce, "Baba, inshorar da za ka saya yau ba za ta biya kuɗin wannan gwiwa ba, domin ciwon ya riga ta zuwa."

Tun ranar abin yake raina, saboda na san ba shi kaɗai ba ne. Mutanenmu da yawa a Landan, Birmingham, Manchesta da sauran garuruwa suna cikin wannan hali, kuma mafi yawa sai ciwo ya kwantar da su suke fara tambayar hanyoyin da ake da su. Hanyoyin ba su wuce huɗu ba: ka jira hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ka yi inshorar asibitin kuɗi, ka biya daga aljihunka, ko ka fita wata ƙasa, har da gida. Ba daidai suke da juna ba, kuma wadda ta dace da maƙwabcinka tana iya zama asara a gare ka.

Bari mu fara da girman layin, don kowa ya san abin da yake fuskanta. Kafin annobar korona, a farkon 2020, jerin masu jiran magani a asibitocin Ingila ya kai kusan miliyan 4.5. A watan Satumba na 2023 ya haura miliyan 7.7, mafi yawa tun da aka fara tattara wannan lissafi a 2007. Daga nan ya ɗan sauko, amma a hankali. Wannan adadi ba na mutane ba ne, na jinyoyin da ake jira ne, domin mutum ɗaya yana iya kasancewa a layi biyu ko uku. Ƙa'idar da hukumar ta ɗora wa kanta ita ce, cikin kowane mutum 100 a fara yi wa 92 magani kafin mako 18 daga ranar da likitan unguwa, wanda ake kira GP, ya tura su. Rabon da a cika wannan ƙa'ida tun 2016. Gwamnati ta yi alkawarin dawo da ita zuwa Maris na 2029. Ga mai ciwon da ke hana shi barci yau, wannan alkawari ya yi nisa.

Layin da ya fi kowanne tsawo shi ne na ƙashi da gaɓoɓi, wato gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Na ciwon mata ma ya yi mummunar ƙaruwa bayan korona, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda ƙarin mahaifa ya fi yawa a jikin baƙaƙen mata, ya kuma fi saurin bayyana. Akwai 'yan'uwanmu mata da ke zubar da jini wata da watanni, suna shan maganin ƙarin jini, suna fita aiki a haka, suna jiran takarda.

Sai dai dole a yi adalci. Layin nan na aikin da za a iya tsara masa rana ne. Wanda ya yi haɗari, ko zuciyarsa ta buga, ko hanjinsa ya toshe, ba ya shiga cikinsa. Wanda ake zargin yana da kansa ma hanyarsa daban ce: ƙa'ida ita ce a sanar da shi sakamako cikin kwana 28, a fara magani cikin kwana 62 daga ranar da aka tura shi. Ana makara a wannan ma, amma ba a haɗa shi da jiran gwiwa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa bai shafi gaggawa ba.

Jira ba zama ba ne

Kuskuren da na fi gani a wajen mutanenmu shi ne ɗaukar jira a matsayin naɗe hannu. An tura ka, ka koma gida, kana duba akwatin wasiƙa. Tarbiyyarmu ta kunya da kawaici tana da kyau, amma a wannan fagen tana cutar da mu. Tsarin yana da ƙofofi da doka ta buɗe, waɗanda ba kowane likita ne yake da lokacin nuna maka su ba.

Babbar ƙofar ita ce 'yancin zaɓen asibiti. A Ingila, idan GP zai tura ka wajen ƙwararren likita, doka ta ba ka damar zaɓar asibitin da kake so a ko'ina cikin ƙasar, muddin yana yin irin aikin kuma yana da yarjejeniya da NHS. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cikin waɗannan har da asibitocin kuɗi. Kamfanoni irin su Spire, Nuffield Health, Circle da Ramsay suna yi wa marasa lafiyar NHS dubban ayyukan gwiwa, ƙugu, gwaiwa da yanar ido, kuma hukumar ce take biya. Ɗaki ɗaya, likita ɗaya, wuƙa ɗaya da wanda ya biya sama da fam dubu goma, amma kai ba ka ba da ko kwabo ba. Bambancin jira tsakanin asibiti biyu da ba su wuce tafiyar awa ɗaya da juna ba yana iya kai watanni. Akwai shafin hukumar mai suna My Planned Care da ke nuna matsakaicin jira a kowane asibiti, sashe-sashe. Kafin ka shiga wajen GP ka duba shi, ka shiga da sunan asibiti biyu ko uku a hannunka.

In kuwa an riga an tura ka kuma ka wuce mako 18, kana da damar neman a duba maka wani asibitin da zai fi sauri. Ka kira sashen da ke kula da jerin, ko ofishin sauraron koken marasa lafiya da ake kira PALS, wanda kowane babban asibiti yake da shi. Ka gaya musu nisan da za ka iya zuwa. Ka kuma nemi su rubuta cewa kana iya zuwa ko da kwana ɗaya aka sanar da kai, domin kullum ana samun wanda ya fasa, kuma ba sa son ɗakin tiyata ya zauna babu kowa. Idan ciwon ya ƙaru, ka koma wajen GP ya rubuta musu, saboda ana jera mutane ne bisa tsananin ciwo kafin a dubi daɗewa. Kada ka ce "da sauƙi" alhali ba sauƙi. A gida "da sauƙi" ladabi ne. A nan likita zai rubuta shi yadda ka faɗa. Ka ce ba na iya hawa bene, ba na barci, na daina zuwa aiki tun wata kaza.

Abubuwa biyu kuma suna mayar da mutane baya ba tare da sun ankara ba. Na farko tafiya. Mutum ya tafi gida hutu ko Umara wata biyu bai sanar ba, takarda ta zo, ranar ta wuce, a mayar da shi wajen GP ya sake farawa. Na biyu shirin jiki. Ranar gwajin kafin aiki ta zo, a tarar suga ya hau, ko hawan jini bai daidaita ba, ko jini ya yi ƙasa, sai a ɗage. Watannin jira su ne na gyara waɗannan, da rage ƙiba ga mai ita, da barin taba. In kuma asibitin ne ya fasa aikin a ranar saboda dalilinsa, kamar rashin gado, ƙa'ida ita ce a ba ka wata ranar cikin kwana 28.

Wannan 'yancin zaɓe na Ingila ne. Sikotilan, Wales da Ayalan ta Arewa kowacce tana da nata tsarin, don haka wanda ke Glasgow ko Cardiff ya tambayi na inda yake.

A ganina, duk wanda bai ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi ba bai kamata ya fara maganar kashe kuɗi ba. Ka riga ka biya. Kana biyan haraji, kuma in da biza kake, kana biyan harajin lafiya na baƙi, fam 1,035 a shekara ga babba tun Fabrairun 2024, fam 776 ga ɗalibi da yaro, ban da masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi da aka ɗauke wa.

Abin da inshora take yi, da abin da ba ta yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk sana'ar inshora a kan wannan aka gina ta. Kamfanonin da suka fi shahara a nan, Bupa, AXA Health, Aviva, Vitality, WPA, suna sayar maka da kariya ne daga ciwon da bai zo ba tukuna, kuma wanda in an yi magani zai warke. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne suke zubar da mafi yawan buƙatun mutanenmu.

Sharaɗi na farko, tsohon ciwo. Akwai hanya biyu da ake shiga. A ta farko za ka cika takardar tarihin lafiyarka gaba ɗaya, su duba, su rubuta maka ƙarara abin da suka cire. A ta biyu, wadda ta fi sauƙin shiga kuma aka fi sayarwa, ba a tambayarka komai da farko, amma duk ciwon da ka yi fama da shi cikin shekara 5 kafin shigarka an cire shi, sai ka yi shekara 2 a jere bayan shiga ba ka ji alamarsa ba, ba ka sha magani ba, ba ka nemi shawarar likita a kansa ba. Dubi dattijon nan: ta yaya gwiwar da ta cinye za ta yi shekara biyu ba ta motsa ba? Kuma kada wani ya ce zai ɓoye. Ranar da ka nemi su biya, za su nemi bayananka daga GP, kuma ko sau ɗaya ka taɓa zuwa ka ce ƙafa tana damunka, yana rubuce. Ni in zan ba da shawara, hanyar farko ta fi kwanciyar hankali, domin ka san matsayinka tun kana da lafiya, ba sai kana kwance ba.

Sharaɗi na biyu, ciwon da ake zama da shi. Ciwon suga, hawan jini, asma, sikila, ciwon ƙoda mai daɗewa, duk ba sa ɗaukar nauyin kula da su na yau da kullum. Haka goyon ciki da haihuwa ta lafiya, haka gaggawa. Wato ko kana da inshora mafi tsada, ranar da abu ya yi tsanani motar asibitin NHS ce za ta zo, kuma asibitinsu za a kai ka. Inshora ƙari ce a kan NHS, ba madadinta ba.

To me ya rage? Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Mutum mai shekara 40, lafiyayye, ya shiga. Bayan shekara uku gwaiwa ta fito masa, ko tsakuwa a matsarmama, ko jijiyar gwiwa ta tsinke a filin ƙwallo. GP ya rubuta masa takarda, ya kira kamfanin, su ba shi lambar amincewa, cikin kwanaki ya ga ƙwararre, cikin makonni a yi aikin. Ga direban tasi, ko mai shago, ko duk wanda in bai fita ba babu abin da zai shigo, wannan saurin shi ne bambanci tsakanin riƙe gida da rushewarsa.

Amma farashin da ake tallatawa ba shi ne labarin ba. Kuɗin wata-wata yana tafiya da shekaru da unguwa. Na Landan ya fi tsada, kuma kowace shekara yana hawa, ya fi hawa bayan ka ci moriyarsa. A kansa akwai harajin inshora na kashi 12 cikin 100. Wanda ya shiga yana saurayi yana biyan abin da bai taka kara ya karya ba zai iske ya ninka sau da yawa lokacin da ya haura sittin, daidai lokacin da albashi ya tsaya, gaɓoɓi suka fara magana. Mutane da yawa a nan suke sakin ta, bayan sun yi shekara ashirin suna biya. In kuma ka ce za ka koma wani kamfanin mai rahusa, duk ciwon da ka yi a tsakani yana iya zama tsohon ciwo a wajensu, sai in sun yarda su ɗauke ka a kan sharuɗɗan da ka fito da su.

Ana rage kuɗin ta hanyoyi, kowacce da abin da take cirewa. Kana iya yarda ka riƙa biyan kason farko da kanka, misali fam 250 ko 500, su biya sauran. Kana iya taƙaita jerin asibitocin da za ka je. Akwai tsarin da ba sa biya sai in NHS ba za ta iya yin aikin cikin mako 6 ba, wanda a halin da ake ciki yanzu yana da ma'ana ga aikin ƙashi. Wanda na fi jan kunne a kai shi ne iyakar kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje. Araha ba ta ado: tsari mai rahusa yakan ɗauki nauyin tiyata amma ya sa ƙaramar iyaka a kan hoto da gwaji, alhali ganin ƙwararre sau biyu da hoton MRI ɗaya sun isa su cinye ta. Sannan ka tambaya ko likitan da ka zaɓa yana karɓar farashin kamfanin, domin in nasa ya fi, cikon a kanka yake. Bayan saye kana da kwana 14 ka fasa, kuma in suka ƙi biya bisa zalunci akwai hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi da za ka kai ƙara kyauta.

Wuri ɗaya ne maganar tsohon ciwo take iya sauyawa: inshorar wurin aiki. Wasu manyan kamfanoni suna saya wa ma'aikatansu tsarin da ba a duba tarihin lafiya ko kaɗan. In kana aiki a irin wannan wuri, ko matarka, ko mijinki, ku tambayi ofishin ma'aikata yau, ku ji ko ana iya saka iyali. Za a ɗan cire haraji a kanta tunda ana lissafa ta cikin alfarmar aiki, amma wannan ba komai ba ne idan aka kwatanta da kuɗin aiki guda. Na san wata baiwar Allah da ta yi wata goma tana jiran aikin ƙarin mahaifa, alhali wurin aikin mijinta yana da irin wannan tsari, bai taɓa buɗe takardar ba. Sai dai a tuna, ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare.

Ba zan tsallake abin da ke zuciyar da yawa daga cikinmu ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, mai yawa, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A Najeriya akwai kamfanonin takaful. A nan samun na lafiya yana da wuya. Akwai malaman da suka sassauta saboda buƙata, musamman wadda wurin aiki ya bayar. Akwai kuma ƙungiyoyin taimakon juna irin su Benenden, da kowa ke biyan kuɗi iri ɗaya ba a duba shekaru ko tarihin ciwo, amma taimakon nasu bisa ganin dama ne, akwai ayyukan da ba sa yi, kuma sai ka daɗe a ciki kafin ka cancanci tiyata. Wannan mas'ala ce da mutum zai zauna da malamin da ya amince da shi, da takardar sharuɗɗan a gabansu.

Biya daga aljihu

Ga wanda ya riga ya shiga layi, wannan ce ainihin kishiyar jira. Farashi yana bambanta daga gari zuwa gari, amma a ƙiyasce canjin gwiwa ko ƙugu yana kamawa daga fam 12,000 zuwa 16,000, gwaiwa fam 2,500 zuwa 4,500, yanar ido fam 2,000 zuwa 3,500 kowane ido. Kuɗi ne masu nauyi ga wanda ke biyan haya yana kuma aika wa gida.

Duk da haka lissafin yana da fuska biyu. Ɗauki misalin wanda ke samun fam 450 a mako. In ciwo ya zaunar da shi kuma wurin aikinsa ba ya ƙara komai, abin da doka ta tanada na kuɗin jinya a shekarar 2025 fam 118.75 ne a mako, har mako 28 kawai. Cikin waɗannan makonni ya yi asarar fiye da fam 9,000, bayansu kuma babu komai, kuma in bizarsa ta hana shi tallafin gwamnati ba shi da inda zai dafa. Mai aikin kansa ko wannan ɗan kuɗin ba ya samu. Irin wannan mutum in ya biya fam 3,500 aka ɗinke masa gwaiwa ya koma aiki cikin wata ɗaya, ya ci riba. Amma ɗan fansho da ciwonsa ke damunsa ba tare da ya taɓa masa abinci ba, kuma an ce saura wata uku, bai kamata ya kwashe ajiyarsa ba. Tambayar ita ce: me jiran yake ci a jikinka da aljihunka kowane wata, kuma wata nawa suka rage da gaske?

Akwai tsaka-tsakin da na fi son mutane su sani. Sau da yawa mafi tsawon jira ba na tiyatar ba ne, na ganin ƙwararre ne da yin hoto. Kana iya biyan fam 150 zuwa 300 ka ga ƙwararren, ka biya kuɗin hoto, a gano ciwon, sannan ka koma NHS a yi aikin. Doka ta yarda da haka. Ba za a tsallakar da kai gaban waɗanda ciwonsu ya kai naka ba, amma ka san abin da ke damunka, kuma in abin mai haɗari ne an gano shi da wuri. Ga maza wannan yana da muhimmanci: ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu yana kamuwa da kansar furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a rayuwarsa, ninki biyu na sauran. Sai dai shi wannan ba ya buƙatar ko sisi, GP ne zai fara da gwajin jini.

In ka yanke za ka biya aikin gaba ɗaya, ka nemi farashi dunƙulalle a rubuce, ka karanta abin da ke ciki: kuɗin likitan tiyata, na mai sa barci, ƙarfen da za a saka, kwanakin gado, magani, gashin ƙashi bayan aiki, da kuma wanda zai biya in an samu matsala aka sake kwantar da kai. Ka tambayi likitan sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara. Ka duba rahoton hukumar sa ido ta CQC a kan asibitin, da bayanan PHIN, cibiyar da ke wallafa bayanan asibitocin kuɗi, a kan likitan. Ka kuma yi tambayar da mutane ke jin nauyin yi: in jikina ya rikice da tsakar dare, akwai ɗakin kulawa ta musamman a nan? Ƙananan asibitocin kuɗi da yawa ba su da shi, motar asibiti suke kira ta kai mutum NHS. Shi ya sa sukan ƙi karɓar mai ciwon zuciya, ko mai ƙiba sosai. Mai sikila kuwa, wanda sau da yawa sai an shirya masa ƙarin jini ko canjinsa kafin aiki, babban asibitin da ya san shi ya fi masa ko da zai jira. Kyan ɗaki da lallausan gado ba su ne tsaro ba. Likita Ian Paterson, wanda aka ɗaure a 2017 saboda yi wa mata tiyatar nono da ba sa buƙata, ya yi ɓarnarsa a asibitin gwamnati da na kuɗi duka.

Asibitocin suna haɗa mutum da kamfanonin bashi. Wasu babu ruwa na 'yan watanni, bayan nan ruwan yana da yawa. Mu da muke da adashi da zumunci, ya fi mana mu tara a tsakaninmu. Kuma ga lafiyayyen da ke shakkar inshora, ga lissafi: fam 70 a wata fam 840 ne a shekara, fam 8,400 a shekara goma. Wannan ajiya za ta biya ganin ƙwararre, hoto, da ƙaramar tiyata, kuma in Allah ya tsare ka kuɗinka na nan. Ba za ta kai canjin ƙugu ba, kuma in ciwo ya zo a shekara ta biyu ba ta taru ba. Wanda ya san hannunsa ba ya iya barin kuɗi su kwana, da wanda iyali duka suka dogara da ƙarfinsa, inshora ta fi musu. Mai albashin da ke ci gaba ko yana jinya, ajiya ta ishe shi.

Saura fita waje. Turawan nan kansu suna zuwa Lituweniya da Folan a canza musu ƙugu da rahusa, mutanenmu kuma sun saba da Indiya da Masar. Gida ma ba abin rainawa ba ne. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, duk suna da ƙwararrun da takwarorinsu ne ke aiki a asibitocin nan, kuma likitocinmu sun ga ƙarin mahaifa fiye da yadda likitan ƙauyen Ingila zai taɓa gani. Da fam a hannu kuɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga uwa da 'yan'uwa da za su yi jinya, abin da babu kuɗin da ke saye a nan. Matsalar tana bayan aiki ne. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana jawo daskarewar jini a jijiya, don haka sai ka ware makonni kafin ka dawo, kuma hutun aiki ba lallai ya kai ba. In rauni ya yi ruwa bayan ka dawo, NHS za ta kula da gaggawar, amma likitan da ya san abin da ya yi a cikinka yana can nesa. Ƙarfen gwiwa kuma abu ne na shekaru, yana son bibiya. A ra'ayina aikin ido da ƙananan ayyuka sun fi dacewa da wannan hanya fiye da canjin gaɓa. Wanda ya tafi ya dawo da cikakken rahoton aikin, da hotuna, da sunan duk abin da aka saka masa.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya jefa gidaje cikin bashi: a kawo Hajiya ko Alhaji da bizar ziyara da fatan a yi musu aiki a NHS. Baƙo ba ya cikin tsarin. Ganin GP da sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da shi za a caje shi kashi 150 cikin 100 na farashin hukumar, kuma bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana shi biza nan gaba. Duk mai gayyato iyaye ya saya musu inshorar tafiya kafin su hau jirgi, ya kuma bayyana suga da hawan jinin da suke da shi.

Shi dattijon, ɗansa ya zauna da shi suka duba jiran asibitocin da ke kewaye, suka kira sashen da ke riƙe da sunansa, suka ce za su iya tafiyar awa biyu kuma a shirye yake ko gobe aka kira. Na roƙe shi abu ɗaya: ko da 'ya'yansa sun haɗa kuɗin asibitin kuɗi, kada ya cire sunansa daga layin NHS sai an gama yi masa gwajin kafin aiki a can, an ba shi rana a rubuce. Ɗan nasa kuwa, mai shekara 34 da ke tuƙin motar kaya, shi ne ya karɓi takardun inshora ya tafi da su gida ya karanta.